Daƙiƙa goma sha biyar

Shekara biyu na yi ina rubuta labarin wani matuƙin jirgin yaƙi na Ingila a 1940 da yarinyar da yake so. Kafin nan soyayyar gida nake rubutawa, ta zance a zaure da rigimar lefe. Abin da ya ɗaga kaina sama wata magana ce da kakana ba ya gajiya da maimaitawa, wai yana yaro ya ga jiragen Turawa suna sauka a Kano zamanin yaƙin Hitila, a jere kamar balbelu. Da na bi diddigi sai na tarar haka ne. Bayan Italiya ta shiga yaƙi hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, don haka daga Satumba 1940 Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yanzu. Can ake harhaɗa su, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Hartum, su ƙare a Masar.

Rubutuna na farko yana da babi guda na artabu a sama, shafi ashirin cif. Jarumina yana ta ɓarin wuta, yana tuna idanun masoyiyarsa, har yana yi wa abokin gabarsa magana. Na kai wa wani dattijo a unguwarmu, tsohon makanikin jiragen sojan sama, ya karanta. Da ya gama sai ya cire tabarau ya ce, "'Yata, harsashin wannan jirgi na tsawon wane lokaci ne?" Na ce, "Baba, ban duba ba." Ya ce in je in duba, sannan in dawo mu yi magana.

Hurricane da Spitfire, jiragen yaƙin Ingila na wancan lokaci, kowanne yana da bindigogi takwas a fukafukansa, amma in matuƙi ya danne maɓalli bai saki ba, cikin kusan daƙiƙa 15 komai ya ƙare. Shi ya sa daƙiƙa biyu ko uku suke harbawa su ɗaga yatsa. Maƙiyi kuwa ta cikin rana yake faɗowa, ko ta baya, kuma da yawa daga waɗanda aka kakkaɓo ba su ma ga wanda ya harbe su ba. Saboda yawan waiwaye ne matuƙa suke ɗaura ƙyallen siliki a wuya, kada kwalar riga ta goge musu fata. Ni da na ɗauka ado ne, har na sa yarinyar ta ba shi kyautarsa don ƙawa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da sararin tuna idon kowa. Shafi ashirin ɗin nan ya koma shafi ɗaya da rabi, kuma sai a lokacin na ji tsoro ya shiga rubutun.

To ina soyayyar za ta zauna? Wannan tambaya ta hana ni barci makonni, kafin na gane a ƙasa take, cikin jira. Matuƙan nan tun asuba suke zaune kusa da jiragensu, kunne yana kan wayar tarho. Ta yi ƙara, su ruga. Wani ya tashi sau uku ko huɗu a yini guda, ya dawo ya tarar an kwashe kayan wanda suka karya kumallo tare. Tsakanin 10 ga Yuli da 31 ga Oktoba 1940, matuƙa da ma'aikatan jirgi kusan 3,000 ne suka yi wannan yaƙi na kare samaniyar Ingila daga jiragen Jamus, 544 suka mutu a cikinsa. Yawancinsu samari ne da ba su daɗe da cika ashirin ba.

Sai na canja wa yarinyar aiki. Na sauke ta daga bakin taga inda take kuka, na kai ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke Uxbridge, inda ake sarrafa jiragen da ke kare Landan. Mata ne sanye da kakin soja suke tsaye kewaye da wani babban teburin taswira, na'urar sauraro a kunne, doguwar sanda a hannu, suna tura 'yan katakai masu nuna yawan jirage da tsayinsu a sama. Fitilun da ke bango suna gaya mata rundunarsa ta tashi, suna gaya mata sun haɗu da maƙiyi, amma ba za su gaya mata wa ya dawo ba. Kuma dole hannunta ya tsaya cak. A nan ne na ji na iso gida, domin wannan halin na san shi. Kara ce, irin ta iyayenmu da ba sa kiran sunan miji ko ɗan fari, alhali zuciya tana ci kamar garwashi a ƙarƙashin toka.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne fuskarsa. Mu marubutan soyayya mun saba jarumi ya kasance dogo mai kyan hanci tun daga shafin farko har ranar ɗaurin aure. Amma Hurricane yana da tankin mai a gaban matuƙi, in ya kama wuta hannuwa da fuska yake fara ci. Irin waɗannan samari ake kai wa likita Archibald McIndoe, mutumin New Zealand, a asibitin East Grinstead. Yana yi musu wanka da ruwan gishiri, yana dasa musu fata aiki bayan aiki, yana kuma tura su cikin gari su sha iska, mutanen garin suka koyi kallonsu ba tare da ƙura ido ba. Wasunsu sun auri ma'aikatan jinyar da suka kula da su. Na ƙona fuskar jarumina ina hawaye. Masu karatu da dama sun roƙe ni in warkar da shi sarai, na ƙi, domin da na yi haka da na ci amanar waɗancan mutane. A babin da ta je duba shi, da muryarsa ta gane shi.

Ban manta ba cewa Ingilar nan ita ke mulkin kakannina a lokacin, ita ta kwashi 'ya'yan Hausawa zuwa dazukan Bama. Shi ya sa ban rubuta littafin a matsayin kirari ba, kuma na bar wa Bajamushen da ya harbe shi shafi biyu, yana kallon ma'aunin mai yana lissafin ko zai iya tsallake teku ya koma Faransa.

Babin ƙarshe a Kano yake, cikin hunturun 1942. Jarumina ya koma tuƙi, yana cikin masu kai jirage daga Takoradi zuwa Masar. Ya sauka da yamma cikin hazo, yana zaune a inuwar fiffike yana rubuta mata wasiƙa da yatsun da ba sa lanƙwasuwa sosai, layi huɗu cikin rabin sa'a. Can nesa wani yaro mai kiwon awaki ya tsaya yana ƙirga jiragen. Ban ba yaron suna ba a littafin, amma da na karanta wa mahaifiyata wurin sai ta yi shiru, ta ce, "Baba ke nan."