Kofin da ke hannuna

Asabar da dare. Na yi isha'i na kwanta, barci ya ƙi zuwa, sai na tashi na kunna fitila.

Da safe lafiya lau muka fara. Abokina Dogo ya iso da motarsa ƙarfe tara, muka bar Freising, nan Jamus, muka nufi Wolnzach, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Tun zuwana yake mini alkawarin kai ni ganin girbin hofen, tsiron da ake sa furensa a giya, sai bana Allah ya nufa. Yankin Hallertau ke nan, wanda duk duniya babu inda gonakin wannan tsiro suka haɗu wuri guda da yawa kamarsa. Turaku ne dogaye, kusan mita 7, an ja waya ta samansu, tsiron ya nannaɗe ya hau kamar doya a jikin sanda. Mace kaɗai ake nomawa. Namiji ko kusa ba a son ganinsa, don kada furen ya yi iri. Dogo ya tsinko fure ɗaya ya murje mini a tafin hannu, wani gari rawaya mai danƙo ya manne kamar kurkum. Ya ce a dangin tsirrai ɗan uwan tabar wiwi ne. Na ce shi ya sa tun ɗazu hankalina bai kwanta da shi ba. Muka yi dariya.

Da azahar muka zauna a farfajiyar wani ƙaramin gidan da suke dafa tasu giyar da kansu. Kun san ni, shekara biyu ke nan ruwan tuffa mai gas nake sha a irin wannan zama. A Jamus doka ta yarda a rubuta wa kwalba "babu barasa" ko da akwai har kashi 0.5 cikin ɗari a ciki, ni kuwa ban taɓa yarda da wannan lissafin ba. Dogo ya san haka. Sai ga shi ya dawo da kwalba yana juya mini ita kamar mai tallar turare, ya ɗora yatsa a kan 0,0 da aka buga ɓaro-ɓaro, wato giya ce marar barasa ko kaɗan. Wai ruwa ne da sha'ir da hofen, kamar yadda dokar dafa giya ta 1516 ta tanada, me zan ƙi a ciki? Na ce burukutu ma ai dawa ce da ruwa. Amma na karanta takardar kwalbar sau biyu, na yi bisimilla.

Irin wadda Turawan Ingila ke kira "pale ale" ce, kuma da hofen iri ɗaya tak aka yi ta. Yawanci masu dafawa kan haɗa iri uku ko huɗu, yadda ake haɗa citta da kanumfari da masoro a yaji. Wannan kuwa Mandarina Bavaria ce ita kaɗai, irin da cibiyar bincike ta Hüll, nan kusa da inda muke zaune, ta fitar a 2012 daga tsatson Cascade na Amurka. Launinta kamar zuma da aka tsinka da ruwa, kumfa fara a sama. Ƙamshin ɓawon tanjarin ne sak, irin wanda ke maƙale maka a farce bayan ka ɓare. Kurɓin farko ɗan zaƙi-zaƙi, kamar Maltina da aka cika wa ruwa. Sai ɗaci ya biyo baya ya yi zamansa a ƙarshen harshe, ɗacin shuwakar da ba a wanke da kyau ba. Goro in ka kora da ruwa yakan sāka maka da zaƙi. Wannan ba ta biyan komai, ɗacin kawai take bar maka, da ƙamshin lemu yana fita ta hanci.

A kurɓi na uku na ji daɗinta. Gara in faɗa.

Bayan la'asar na tura hotunan yini a zauren gidanmu na WhatsApp, guda goma a haɗe, ban tsaya dubawa ba. Ko minti biyar ba a yi ba Yaya ya kira.

"Kai Auta, mene ne wannan a hannunka?"

Na shiga bayani, sifili da waƙafi da sifili, har da Hüll da 2012, kamar mai kare digiri. Ya bar ni sai da na gama.

"Ni na yarda da kai," in ji shi. "Amma wa zai bi dangi gida-gida yana karanta musu kwalba?"

Na tambaya ko Inna ta gani. Ya ce ta gani, tabaranta ba ya kusa, cewa ta yi ashe zoɓon Turawa fari ne. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na goge hoton, sai ga shaidar gogewa ta tsaya a zauren, Kawu ya rubuto yana tambayar me aka goge. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, har yanzu ban ba shi amsa ba.

Abin da ke cina shi ne ban sha abin da ke bugarwa ba, na tabbata. Amma kofin na giya ne, kumfar ta giya ce, zaman ma na masu giya ne, kuma fuskar da ke hoton ta mai jin daɗi ce. Da zan ce wa Yaya ɗaci ya sa na ture ta, da maganar ta mutu a nan. Kofin kuwa sai da na ga ƙasansa.

Wanki bai bushe ba. Litinin akwai awon ƙasa a ɗakin gwaji, ban buɗe takardun ba.

Dogo ya cusa mini furen hofen cikin aljihun jaka ban sani ba, sai yanzu na gano. Duk ɗakin tanjarin yake yi. Na buɗe taga, sanyi ya shigo, na rufe.