Hirar dare a bakin teku a Legas

Tarkwa Bay bakin teku ce da ba ta da hanyar mota, sai jirgin ruwa daga tashar jirage ta CMS ko ta Falomo, tafiyar kamar minti 20. Ka sa rigar kariya, ka ɗaure igiyarta sosai. Abin da ke kama baƙo shi ne dawowa: jirage na daina tashi kafin duhu, don haka ko ka juyo da la'asar, ko ka kama ɗakin kwana tun da rana.

Mai son kiɗa har tsakar dare, Elegushi da ke Lekki ta fi masa. Za ka biya kuɗin shiga, na ajiye mota daban, rumfa da kujera ma daban. Ka yi ciniki kafin ka zauna, gasasshen kifi ma a faɗi kuɗinsa kafin ya hau wuta. Riƙe tsabar kuɗi, turawa ta waya kan maƙale in mutane sun cika, musamman a Disamba.

Ruwan kuwa, kallo kawai. Igiyar ruwan Elegushi na janye yashi a ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum ciki, da dare kuma babu mai ganinka. Sallar isha'i ka yi ta kafin ka shiga Elegushi, samun wuri mai tsabta a ciki sai an sha wuya.