Abin da shuɗin hayaƙin wata Hilux ya koya min

Shekarata ta uku kenan a garaji nan Damagaram lokacin da wani Alhaji ya kawo Hilux ɗinshi mai shan gazuwal, wadda yake jigila da ita hanyar Tanut. Ana taka totur sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayanta, ga warin ƙonannen mai har cikin maƙogwaro. Maigida ya tafi Kano sayo kaya, aiki ya rage a hannuna.

Launin hayaƙi dai na riga na iya karanta shi. Baƙi, gazuwal ya yi yawa ko iska ta gaza. Fari mai kauri da bai washewa, sau da yawa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Shuɗi kuwa baƙin mai ne injin ke ƙonawa, babu tantama. Na kwance tiyon da ya fito daga turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, na ga mai jage-jage a ciki, nan take na ce ma Alhaji turbo ya mutu. Ya biya kuɗi masu yawa aka ɗaura wani, kwana tara ya dawo da hayaƙin nan yadda yake, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba saboda amanar mutum ce na taɓa.

Da maigida ya dawo bai yi min faɗa ba, cewa ya yi in ɗauko tsohon turbon da na jefa ƙarƙashin tebur. Ya sa yatsa ya girgiza sandar tsakiyar, ya ce "yaro, taɓa ka ji." Ɗan motsi gefe da gefe kaɗan, wanda dama akwai shi tunda sandar a kan mai take yawo, amma gaba da baya ko alama, kuma fukafukan ba su goga jikin gidansu ba. Lafiyarshi lau.

Sai ya sa na kwance ƙaramin tiyon da ke ƙasan turbo, wanda ke maida mai cikin kaskon injin. Cike yake da baƙin dasƙararren datti kamar kwalta, da ƙyar waya ta ratsa. A nan ya min bayani, sandar turbo tana juyi sama da 100,000 a minti, mai na shigo mata da ƙarfin famfo amma komawarshi gangara ce kawai, to in hanyar ta toshe ina zai bi? Dole ya tsallake zoben da ke tare shi ya faɗa hanyar iska ko ta hayaƙi. Muka buɗe filtar iska ita ma ta cushe da ƙurar hanya, turbo na jan iska bai samu sai ya riƙa zuƙo mai. Alhaji da kanshi ya amsa cewa ya daɗe bai yi bidanji ba, wato canjin baƙin mai.

Tun daga nan ba na taɓa sufana sai na tambayi mai mota yaushe hayaƙin ke fitowa. In da safe ne farkon tayarwa sannan ya ɗauke, robobin bawul nake fara zargi. In kullum ne kuma ka buɗe murfin mai ka ji iska na bugo hannunka da ƙarfi, ringin fistin ne, sai a auna matsin silinda a tabbatar. Ina duba ma'aunin mai ko an cika ya wuce layi, da tiyon numfashin injin, wanda ke fitar da iskar da ta taru a kaskon mai, don shi ma in ya toshe haka yake tura mai ta turbo.

Hilux ɗin mun wanke mata tiyo da intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, sosai, wannan ba abin wasa ba ne, injin gazuwal na iya shan man da ya taru a can ya yi ta gudu ko an kashe makulli. Muka sa sabon mai da filta, muka maida tsohon turbonta. Sabon kuma maigida ya karɓa ya maida ma Alhaji kuɗinshi, har yau yana kan kanta cikin kwalinshi.