Kafin a kwashi iyali daga Kaduna zuwa waje don neman sararin numfashi

A cikin masu shirin barin Kaduna da iyalinsu, musamman likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da masu aikin kwamfuta, ba kowa ne kuɗi kawai ke kora ba. Da yawa abin da suke nema shi ne a tashi aiki a kan lokaci, a samu hutun da ba za a kira mutum a waya ba, a ga yara kafin su yi barci. Buri ne mai kyau, kuma ana samunsa. Amma babban darasin da na koya a wannan harka shi ne, hutun iyali ba ya cikin awannin da aka rubuta a kwantiragi. Yana wurin amsar tambaya ɗaya: wa zai riƙe yaron daga ƙarfe uku na rana zuwa lokacin da iyaye suka dawo?

A Tudun Wada ko Unguwar Rimi ko Rigasa, wannan tambaya ba ta tasowa da ƙarfi. Akwai kaka, akwai ƙanwar uwargida da ke zaune a gidan, akwai maƙwabciya da za a ce mata "don Allah ki duba mini su", akwai Islamiyya da ke ɗauke yara daga la'asar zuwa kusan magariba. Wannan duk aiki ne, kuma aiki ne mai tsada, sai dai ba a taɓa rubuta masa rasit ba. Ranar da jirgi ya sauka a Landan ko Toronto, aikin nan gaba ɗayansa ya koma kan mutum biyu. Ko dai su saye shi da kuɗi a gidan raino, ko su biya shi da barcinsu.

A takarda kam ƙasashen da ake zuwa sun fi mu nesa ba kusa ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun shekara na kwana 6 kacal a matsayin mafi ƙaranci, da hutun haihuwa na mako 12. A Birtaniya mai aikin kwana biyar a mako yana da kwana 28. A Jamus mafi ƙaranci kwana 20 ne, kuma uwa ko uba na iya ɗaukar hutun reno har shekara uku a kan kowane yaro ba tare da an kore su ba. Sai dai ma'aikacin gwamnatin jihar Kaduna ya kamata ya auna abin da ke hannunsa da gaskiya, domin tun Disamban 2021 jihar ta koma aikin kwana huɗu a ofis, kuma tun 2019 ta ba mata ma'aikata hutun haihuwa na wata shida. Wanda ya bar wannan ya je ya kama duti na awa 12 a gidan kula da tsofaffi, dare uku ko huɗu a jere, albashinsa ya ƙaru, amma lokacin iyali da ya tafi nema ya ragu.

Irin bizar da aka samu ita ce ke yanke yawancin hukunci tun kafin a ɗaure kaya. A Birtaniya, daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu da ake koyarwa a aji ba ya iya tafiya da iyali, sai mai karatun bincike kamar digirin digirgir. Daga Maris ɗin 2024 masu aikin kula da tsofaffi su ma an hana su ɗaukar iyali. Wanda dillali ya ce masa "ka je kawai, daga baya za su biyo ka" a kan irin waɗannan bizoji, ya sani babu ƙofar da za su biyo. Sannan akwai kuɗin asibiti da ake biya tare da kuɗin biza: fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma ana biyan na dukkan shekarun a dunƙule. Miji da mata da yara biyu a kan bizar shekara uku, fam 10,866 ke nan kafin a sayi tikiti. Likitoci da ma'aikatan jinya masu bizar aikin lafiya an ɗauke musu wannan kuɗi su da iyalinsu, shi ya sa lissafinsu ya sha bamban da na injiniya ko akanta.

Yawancin bizojin aiki na Birtaniya suna ɗauke da sharaɗin cewa ba a taɓa tallafin gwamnati. Kuɗin tallafin yara da maƙwabcinka Bature ke karɓa, kai ba ka da shi. A Ingila yaro ɗan shekara uku da huɗu yana samun awa 15 na raino kyauta a mako ko da iyayensa baƙi ne, amma jariri ko ɗan shekara ɗaya, cikakken kuɗin gidan raino na iya cinye mafi yawan albashin mutum ɗaya. Daga nan ne ma'aurata ke faɗa wa tsarin da ya fi kashe aure: maigida na aikin rana, uwargida na aikin dare, a ƙofa ake miƙa yaro. Kuɗi na shigowa, raino bai ci ko sisi ba, amma sai a shafe makonni ba a ci abinci tare ba, kuma wadda ta kwana tana aiki ita ce za ta wuni da jariri. Idan lissafin gida ba zai tsaya ba sai da wannan tsari, to ba a kai lokacin tafiya ba tukuna.

Kanada da Jamus sun fi sauƙi ta wannan fuska, kowacce da ƙayarta. Wanda ya shiga Kanada da takardar zama na dindindin yana da haƙƙin tallafin yara, kuma hutun haihuwa mai biya na iya kaiwa wata 12 ko 18, da sharaɗin an tara awa 600 na aiki mai inshora kafin haihuwar. Mai ciki da ta sauka ba ta yi aiki ba, ba ta da wannan kuɗi. A Jamus tun Agustan 2013 doka ta ba kowane yaro da ya cika shekara ɗaya haƙƙin gurbi a gidan raino, amma a manyan birane layin jira yana da tsawo, don haka ana neman gurbi tun kafin a sauka. Tilas ne kuma a yi rajistar adireshi cikin kwana 14 da tarewa, domin lambar haraji da abubuwa da yawa suna rataye a kanta.

Saudiyya ce ta fi jan hankalin mutanenmu, kuma dalilan a fili suke: babu harajin albashi, ana jin kiran salla, Makka da Madina na kusa, kuma a watan azumi doka ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6 a rana. Amma makon aiki a doka awa 48 ne, hutun shekara kwana 21 har sai an cika shekara biyar sannan ya koma 30. Mai aiki a kamfani ko asibiti mai zaman kansa yana biyan riyal 400 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Mata ɗaya da yara uku, riyal 19,200 ke nan a shekara, ban da kuɗin makaranta. Saboda haka kafin a sa hannu a kwantiragi a duba ko na mai iyali ne ko na gwauro, wa zai biya hayar gida, wa zai biya tikitin hutu, wa zai biya makarantar yara, kuma yara nawa. Abin da ba a rubuta ba, a ɗauka babu shi. Ranar da aiki ya ƙare kuma, zama ya ƙare har da na yara, ko da suna tsakiyar zangon karatu. A Birtaniya ma idan mai ɗaukar nauyin biza ya janye, yawanci kwana 60 ake bayarwa a samu wani ko a fita.

Mai mata fiye da ɗaya ya san wannan tun da wuri: Birtaniya da Kanada mace ɗaya suke ba bizar matar aure. 'Ya'yan ɗayar matar kuma, ɗaukarsu na buƙatar yardar mahaifiyarsu a rubuce da hujjoji masu ƙarfi, kuma ba lallai a amince ba. Wannan magana ce ta zama a gida da manya da malamai, ba ta ofishin dillalin biza ba.

Takardu kuwa, abin da ya fi jawo ƙin biza ko jinkiri shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Muhammad a fasfo, Mohammed a shaidar digiri, Muhammadu a NIN. Uwargida ta ɗauki sunan miji a wata takarda, tana da sunan mahaifi a wata. A gyara waɗannan kafin a cika fom ko ɗaya, domin gyaran yana cin watanni. Kowane yaro, har jariri, sai da nasa NIN da fasfo, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba katin asibiti ba. Auren da aka ɗaura a masallaci sai an nemo masa takardar shaida, a kuma tambayi ofishin jakadancin irin wadda yake karɓa, domin ba duka ne ke karɓar abu ɗaya ba. Inda ake buƙatar tantancewa, takardun makaranta suna bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja. Mai tafiya Birtaniya fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kuma takardar wata shida take aiki, don haka kada a yi ta da wuri ta mutu kafin a shigar da neman biza. Katin rigakafin yara a adana shi kamar fasfo. Makaranta da asibiti za su nema, idan babu sai a sake wasu alluran.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma watanni ukun farko su ne suka fi wuya. Ba a biyan haya ta shekara kamar a Kaduna, wata-wata ake biya, amma a Ingila ana ajiye kuɗin jingina da ya kai hayar mako biyar, kuma masu gida suna gudun wanda ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar. Ga harajin ƙaramar hukuma, ga kuɗin ɗumama gida. Lasisin tuƙi na Najeriya wata 12 yake aiki a Birtaniya, daga nan sai an ci jarrabawarsu, kuma yaro sai da kujerarsa ta mota har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Shi ya sa ya fi hankali mutum ɗaya ya fara tafiya ya kama aiki, ya karɓi albashi biyu ko uku, ya sami gida a unguwar da ke da makaranta da masallaci da mahaucin halal, sannan iyali su biyo. A sa ranar biyowar tun kafin rabuwa, domin rabuwar da ba a yanke mata wa'adi ba takan miƙe ta zama shekaru.

Tarbiyya ita ma tana ƙarƙashin doka a can. Suwidin ta haramta dukan yara tun 1979, Jamus a 2000, Sikotland a 2020, Wales a 2022. A Ingila duk dukan da ya bar shaida a jiki na iya kawo jami'an kula da yara ƙofar gida, kuma malaman makaranta aikinsu ne su kai rahoto. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko barin 'yar shekara takwas ta riƙe ƙannenta don a je duti, na iya zama laifin sakaci. Haka nan cire yaro daga makaranta a tsakiyar zango don a zo Kaduna biki ko Sallah yana jawo tara a Ingila, fam 80 a kan kowane mahaifi da kowane yaro, ta ninka idan aka wuce kwana 21. Ziyarar gida ke nan ta koma lokacin dogon hutu na Yuli da Agusta, lokacin da tikiti ya fi tsada.

Rana ma ba irin tamu ba ce. A Landan a watan Disamba magariba na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a Yuni kuma sai bayan tara na dare, asuba na shigowa wajen ƙarfe uku. Barcin yara da lokutan salla da na aiki duk sai an sake musu tsari sau biyu a shekara. Hukumar lafiyar Birtaniya na ba masu baƙar fata da yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu shawarar shan sinadarin bitamin D, maikurogiram 10 kullum duk shekara, saboda ƙarancin hasken rana.

Wadda ta fi ɗaukar nauyin duk wannan ita ce uwargida, musamman idan ta ajiye aikinta ko kasuwancinta ta bi miji. Shi yana fita ya ga mutane, ita tana ɗaki da yara cikin sanyi, babu suna babu biki babu mai sallama. A yi maganar aikinta ko karatunta tun a Kaduna: shin bizar ta ba ta damar aiki, takardunta suna buƙatar tantancewa, akwai harshen da za ta koya? A Birtaniya matar mai bizar aiki tana iya aiki, a Saudiyya kuwa mai iƙamar iyali sai da izini na musamman. Hausa da karatun Alƙur'ani na yara su ma ba za su tsaya da kansu ba. Yaro ɗan shekara huɗu yakan juye zuwa Turanci cikin shekara guda da shiga makaranta, sai idan an tsaya a kan Hausa ce harshen gida, an kuma ware kuɗi da lokaci na Islamiyyar ƙarshen mako ko malami ta intanet.

Gida ko fili da ke Kaduna kada a sayar don kuɗin biza idan akwai wata hanya. Ma'aikacin gwamnati ko na jami'a ya fara neman hutu ba albashi a rubuce kafin ya yi tunanin ajiye aiki, kuma wanda aka ɗauki nauyin karatunsa ya warware yarjejeniyar da ya sa wa hannu, domin za a iya neman takardar shaidar kyakkyawan aiki daga inda ya baro. A kuma ajiye kuɗin tikitin dawowa na kowa da kowa a asusu daban, wanda haya ko raino ba za su taɓa ba.