Abin da koyar da yara neman x ya nuna min

Duk wanda ya zauna a ajin lissafi na ƙaramar sakandare a ƙasar nan inaga ya haddace wannan maganar: "idan lamba ta tsallaka ɗaya ɓangaren sai ta canza alama", fulos ya koma mainos, mainos ya koma fulos. Mu ma haka aka biya mana, kuma tana aiki, ba zan ce bata aiki ba. Amma tunda na fara koyar da yara lesin da yamma bayan an tashi daga makaranta na ga ba abin da ke jefa su rami kamar ita, musamman masu saurin hadda, waɗanda iyayensu ke kawo su suna cewa ai yaron nan yana da ƙwaƙwalwa lissafi ne kawai ya ƙi shi.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka rubuta 2x + 7 = 19 a allo (x ita ce lambar da ake nema, 2x kuma 2 sau x ke nan), yaro zai tsallakar da 7 ta koma mainos, ya samu 2x = 12, lafiya lau. Toh daga nan sai rigima ta tashi, saboda 2 ɗin nan ma dole ta bar wurin, kuma dokar da ya haddace ta ce abin da ya tsallaka yana canza alama. Wani zai rubuta x = 12 − 2 ya ce 10 ne, wani ya raba 12 da mainos 2 ya kawo maka −6 yana murmushi, kuma wallahi in ka bi ta dokar da aka ba su ba za ka ce sun yi ganganci ba, abin da aka faɗa musu suka yi. Amsar 6 ce. Ba wata lamba da take tsallaka komai, abin da ake yi shi ne a ɗebe 7 daga hagu a ɗebe 7 daga dama, sannan a raba hagu da 2 a raba dama da 2. Kamar sikelin mahauci ne, in ka cire tsoka a wannan faranti dole ka rage dutse daidai nauyinta a ɗayan in kana so allurar ta tsaya a tsakiya.

Da na bi diddigi sai na ga matsalar ta girmi aljabara, wato wannan lissafin na neman x, tun firamare take. Yara da yawa sun ɗauka alamar = tana nufin "ga amsa nan tafe". Gwada da ƙaninka ko ɗanka yau, rubuta masa 8 + 4 = __ + 5 ka ce ya cike gurbin. Da yawa 12 za su rubuta, wasu ma 17, ƙalilan ne za su tsaya su ce 7. Yaron da bai ga cewa = tana cewa ne abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya ba, ko shekara ka yi kana nuna masa x hadda kawai zai yi. Shi ya sa yanzu sabon ɗalibi in ya zo min sai mu ɗan jima a irin waɗannan tambayoyin kafin ya ga harafi ko ɗaya, wasu iyayen har ƙorafi suke yi wai ina mayar da yaro baya, ni kuma nakan ce Baba a yi haƙuri a ba mu lokaci.

Abu na biyu kuma wanda na fi jin haushin yadda ake watsi da shi, duba amsa. Aljabara tana daga cikin darussa kaɗan da ɗalibi zai iya yi wa kansa maki tun kafin malami ya karɓi takarda. Ka warware 5x − 4 = 2x + 11 ka samu 5, toh mayar da 5 ɗin inda x take: hagu 21, dama 21, shikenan magana ta ƙare ba sai ka leƙa takardar na kusa da kai ba. Inda wannan ya fi ceton yara shi ne wajen rabawa. A x/4 + 3 = 8 za ka ga yaro ya ninka da 4 don ya rabu da ƙasan, ya ninka x/4 ya ninka 8 amma ya manta da 3 ɗin tana zaune a tsakiya, sai ya samu x + 3 = 32, wato 29. Da ya mayar da 29 ya ga ta ba shi 10 da kwata maimakon 8 da kansa zai koma ya nemo 20. Amma ina, kowa sauri yake ya kai tambaya ta gaba.

Sai kuma wanda a ganina shi ne ainihin aikin, wato fitar da lissafin daga cikin zance. Yaran da ke warware 3(x + 2) = 21 cikin minti ɗaya, ka ba su tambaya a rubuce da kalmomi sai ka ga biro ya tsaya cak, kuma WAEC da NECO da JAMB duk suna son irin waɗannan. Wani ɓangare na laifin Turanci ne, gaskiya, yaro yana fama da harshe yana fama da lissafi lokaci guda. Abin da na ga yana aiki shi ne in faɗa musu tambayar da Hausa tukuna, kuma in ɗauko ta daga abin da suke ji ana yi a gida. Rabon gado ya fi komai shiga kansu. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya saura naira 800,000. Matar tana da tumuni tunda akwai 'ya'ya, wato 100,000, saura 700,000. Namiji yana da rabon mata biyu, toh kira rabon macen x, kowane namiji 2x, ka tara ka samu 5x = 700,000, mace ta tashi da 140,000 kowane namiji 280,000. Yaran da ke zuwa Islamiyya nan take ido ke buɗewa, har wata yarinya ta ce min "Malam ai wannan fara'idi ne ba mas ba."

Kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin da wannan fanni ya samo suna daga gare shi a Bagadaza wajen shekara ta 820 zamanin halifa Ma'amun, babban kaso na littafin nasa a kan gado da wasiyya yake, da awon filaye da ciniki. Kuma babu x babu = a ciki, komai da kalmomi ya rubuta, abin da ake nema yana kiransa "abu". Alamar = sai a 1557 wani mutumin Birtaniya Robert Recorde ya fara amfani da ita, ɗabi'ar sa x da y da z a madadin abin da ba a sani ba kuma daga René Descartes na Faransa ta yaɗu a 1637. Wato an yi ɗaruruwan shekaru ana wannan lissafin da zance zalla kafin alamomin su zo, mu kuma da alamomin muke fara tarbar yaro ɗan shekara 11 sannan mu yi mamakin ya tsorata.

Masu tambayar "Malam wai ina za mu yi amfani da x a rayuwa" kuwa, nakan tura su wajen masu haɗa sola a unguwa. Wutar da kaya ke ci, P = IV, wato wat (P) daidai yake da amfiya (I) sau bolt (V), in kana da kayan wat 300 a kan batir mai bolt 12 ka raba ɓangarorin biyu da 12 ka ga amfiya 25 za ta bi ta wayar, in batirin mai bolt 24 ne ta koma 12 da rabi, kuma da wannan lambar ake zaɓen kaurin waya da fiyus. Wanda bai iya juya wannan ba shi ne zai sa siririyar waya ta yi zafi ta narke.

Masu kaifin cikinsu, waɗanda suka fara jin sun gama da darasin, akwai tambaya ɗaya da nake ajiye musu: 2x = 5x. Kusan kullum sai su raba ɓangarorin biyu da x tunda na koya musu abin da ka yi wa hagu ka yi wa dama, sai su samu 2 = 5 su ce Malam tambayar ce ba daidai ba. Sai in ce su ɗebe 2x daga kowane ɓangare su gani, 0 = 3x, x sifili ce, kuma da suka raba da x ɗazu da sifili suka raba ba su sani ba, abin da lissafi bai yarda da shi ba. Daga nan musu ke ɓarkewa a kan me ya sa ba a rabawa da sifili, wani ya ce amsar sifili ce wani ya ce lambar kanta ce, nakan bar su su yi ta yi har a kira magariba, washegari mu ɗora daga nan.