Ranar da aka hana ni karɓar kuɗi a hannu

A watan Agustan 2015 takarda ta iso mana daga Abuja, bisa umarnin Shugaba Buhari: duk kuɗin da ma'aikatun tarayya ke karɓa su riƙa shiga asusu guda a Babban Bankin Najeriya, daga baya kuma aka ba da wa'adin 15 ga Satumba a rufe asusun da muke da su a bankunan kasuwanci. Shi ne asusun bai-ɗaya. Lokacin ni ne kashiya a wani ofishin gwamnatin tarayya nan Sakkwato, aikina ke nan karɓar kuɗi da yanka rasit mai kabon.

Tsarin a takarda ba wuya. Mai biya zai ciro lambar shaidar biya da ake kira RRR a Remita, shafin intanet na biyan kuɗi, ya kai banki, kuɗin su wuce kai tsaye, mu kuma mu gani a kwamfuta. Sai dai wanda ya tsara abin bai taɓa zama a tagata ranar Litinin ba.

Makon farko wani dattijo ya zo daga Gwadabawa, ya kwance kuɗinsa daga bakin rawani, ya turo mini. Na ce, "Baba, yanzu ba ma karɓa, sai an ciro lamba an kai banki." Ya dube ni ya ce, "Yaro, ga kuɗi ga mai karɓa, me ya kawo banki a tsakani?" Ya tafi shagon intanet, aka caje shi kuɗin ciro lamba, aka kuma zaɓa masa sunan wata ma'aikata daban. Sai da muka yi makonni muna rubuce-rubuce kafin a warware. Ranar nan na kwana ina jin kunyarsa.

Washegari na samu shugabanmu na ce, "Yallaɓai, a ba ni tebur guda a bakin ƙofa." Muka zaunar da wata mai yi wa ƙasa hidima da kwamfuta da firinta, tana ciro wa mutane lamba kyauta, tana karanta musu sunan ofis da adadin kuɗi da Hausa kafin su fita. Daga baya aka haɗa mana ƙaramar sola, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, man janareta kuwa kullum sai an yi rigima a kansa.

Babban kuskuren kuwa nawa ne. Wata shida cur ina ci gaba da kwafe kowane biya a tsohon littafina da hannu, wai don kada kwamfuta ta ci amanata. Aiki ya zama biyu, nakan wuce la'asar a ofis, ina ta ƙorafin cewa sabon tsari ya ƙara mana wahala. Wani mai binciken kuɗi ne ya buɗe littafin, ya tambaye ni wa ke karanta shi. Na rasa amsa. Ko ni kaina ba na komawa kansa.

Da na ajiye shi, lissafin ƙarshen wata da kan cinye mana kwana uku ya koma aikin yamma guda. Ba sauran ɗaukar jakar kuɗi a babur zuwa banki gabana yana faɗuwa, ba sauran neman naira ɗari biyu da ta ɓace a aljihun tebur.

Dattijon nan ya dawo bayan shekara. Bai ko kalli tagata ba, teburin bakin ƙofa ya nufa.