Wata takwas ina lallaɓa hanjina da Buscopan da Piriton

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san in azumi ya raba tsakiya ba ka da lokacin kanka balle na zuwa asibiti ka bi layin yankar kati. To a irin wannan lokacin abin ya taso min, azumin 2023, ga zafi ga ɗinkin sallah jibge har bakin ƙofar shago. Ciki ya riƙa murɗa min ta gefen hagu can ƙasa kamar ana matse wanki, sai bayan gida ya matso ni na gaggawa, in na je kuma ɗan abu ne kaɗan, majina-majina, wani lokacin da jirwayen jini. Sau shida sau bakwai a yini, har da tsakar dare sai na tashi.

Kun san mu dai, kowa likita ne. Hajiyarmu ta ce basir ne aka haɗo min jiƙo, wani abokina ya rantse taifot ce, yaron kemis ɗin layinmu kuwa ko ɗagowa bai yi ba ya ce "Oga ai atini ne" ya miƙo min Flagyl. Na sha Flagyl har bakina ya koma kamar na tsotsi ƙarfe, ba abin da ya canza. Da na koma ina ƙorafin murɗawar ne ya ba ni Buscopan, ƴar ƙwayar nan fara mai miligiram 10.

Maganar gaskiya Buscopan ya yi min aiki, ba zan ci amanarsa ba. In na sha biyu da sahur, kafin a sallame asuba cikin ya lafa, in zauna kan keke in yi ta taka ɗinki har azahar ba abin da ya dame ni. Aikinsa shi ne ya saki jijiyoyin naman hanji da ke ɗaurewa su daina matsa. Amma fa yana da nasa halin, bakina ya riƙa bushewa ƙamas, ga ƙishin azumi ga nasa, harshe kamar busasshiyar fata. Abin da ya fi ba ni haushi ido, abu na kusa ya koma dishi-dishi, ni da nake zira zare a allura ko a duhu sai ga ni ina kiran yaron shago ya zira min, yana dariya wai maigida tsufa ya zo. Ban taɓa kawowa maganin ne ba.

Piriton kuma ta bayan gida ya shigo. Jikina ya riƙa ƙaiƙayi da daddare sai na sha ɗaya, sai na lura daren da na sha ba na tashi sau uku sai sau ɗaya. Wani kwastoma da ya ɗan zauna a Turai ya ce min ai can har ana ba masu ciwon ciki maganin alaji, wato irin su Piriton masu kwantar da ƙaiƙayi da atishawa, shi kenan na samu hujja, kullum dare sai na haɗiya, daga baya har da rana. Ranar da na gane kurena ina cikin ɗinka wuyan wata shadda mai tsada ta mutane gyangyaɗi ya kwashe ni ƙafata na kan keke, ɗinkin ya karkace ya ci har cikin aikin, da kuɗina na biya yadin. Daga nan na koma setirizin mai miligiram 10, shi bai cika sa barci kamar Piriton ba.

Haka na yi ta yi har wata takwas, ciwo ya taso in danne shi. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne jinin bai tsaya ba, kawai dai ya daina zuwa da ihu ne. Tef ɗina na awo shi ya fara gaya min gaskiya, ƙuguna daga 34 ya dawo 30, wandunana duk sai da na rage su. Ido ya yi fari, in na miƙe jiri. Ga kuma wata wauta, ciwon baya na zaman keke ina sha masa Diclofenac, ashe shi da Ibuprofen da ƴan uwansu fetur ne a kan irin wutar da ke cikina.

Wani dare zazzaɓi ya rufe ni, ciki ya kumbura ya yi tauri, zawon kuma ya ɗauke cak. Ni har murna nake wai sauƙi ya samu, na ɗauko Buscopan zan ƙara, maiɗakina ta riƙe katin ta ce "Abban yara wallahi ba za ka sha ba, tashi mu tafi." Allah Ya saka mata da alheri. A asibiti da likitar ta ji jerin abin da nake sha sai ta ajiye biro ta ce "Malam, ka san hanjin da ke cike da gyambo in ka hana shi motsi buɗewa yake yi kamar balan-balan har ya iya fashewa?" Ta ce a lokacin da ciwon ya tashi da ƙarfi, Buscopan da maganin tsai da zawo irin Imodium suna iya jawo wannan, kuma ɗaukewar zawo tare da kumburi da zazzaɓi alamar haɗari ce. Aka yi hoto a daren, Alhamdulillahi bai kai can ba, amma sai da na kwana biyar ana ƙarin ruwa.

An fara da gwajin bayan gida don a tabbatar ba ƙwayar amiba ba ce mai kawo atini, wai dole ne a cire wannan kafin a ba mutum sitiroyid, maganin da ke danne kumburi da garkuwar jiki, in ba haka ba ƙwayar ta samu sake. Da na ɗan farfaɗo aka yi min kolonoskofi, wato a zira siririyar kyamara ta dubura, kada ku tambaye ni ruwan wankin cikin da ake sha kafin nan. An nuna min hoton, bangon hanjin ja jawur kamar an goge shi da sandfefa. Sunan ciwon alsaretib kolaitis, kumburi da gyambon babban hanji, garkuwar jiki ce ke far wa hanjin, ba alsar nan ta ƙirji da muka sani ba. Ba ya warkewa kwata-kwata sai dai a kwantar da shi. Aka ɗora ni kan firednisolon, wato sitiroyid ɗin, ana rage shi mako-mako, sai mesalazin mai kwantar da kumburin hanji, da kuɗinsa ya fi ƙarfina aka mayar da ni ɗan uwansa salfasalazin tare da bitamin ɗin folik asid, fitsari ya koma launin ruwan lemo amma an ce haka yake yi.

Na tambayi likitar maganar kwastoman nan, ta ce bai yi ƙarya ba, rabi ya ji. A bangon hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke sakin histamin, sinadarin nan da ke sa ƙaiƙayi da atishawa, kuma yana sa jijiyoyin hanji su riƙa jin zafi fiye da ƙima, maganin alaji kuwa aikin histamin ɗin yake tarewa. A jami'ar Leuven ta Beljiyam an gwada wani maganin alaji mai suna ebastin, aka buga sakamakon a 2016, ya rage wa mutane ciwon ciki, amma masu IBS ne, wanda hanji ke murɗawa alhali in an leƙa ba gyambo. Nawa mai gyambo ne, maganin alaji ba ya rufe shi. Piriton ma barci kawai ya riƙa sa ni, kuma shi da Buscopan duk suna busar da baki suna rage motsin hanji, wato ninki biyu na riƙa ɗora wa kaina.

Yanzu ban rabu da maganin murɗa ba, matsayinsa ne ya canza. In ciwon na kwance, ba jini ba zazzaɓi, sai ɗan murɗawa bayan na ci abu mai yaji ko wake, an yarje min mebeberin mai miligiram 135 minti 20 kafin abinci, shi ba ya taɓa min ido. Setirizin sai hunturu in ƙura ta tayar min da mura. Ciwon baya farasitamol. Kwanaki kawuna ya ce in sammasa Buscopan na hana shi, don yana da hawan jinin ido kuma fitsari na masa gardama, maganin kuwa na iya tsananta duka biyun, har ya yi fushi wai na yi masa rowar ƙwaya.

A bayan littafin da nake rubuta awon kwastomomi na ware shafuka, kullum ina sa sau nawa na zaga, da jini ko babu, me na sha. Shi nake kai wa likita duk wata uku, ranar farko sai da ta wuce awon wuya da hannu na wani Alhaji kafin ta iso nawa. Makon nan biyu-biyu ne ba jini, ƙugu kuma ya koma 33.